Baƙin tabon ƙurajen fuska: tambayoyi da amsoshi kan saɓar fata da sinadari da sauran hanyoyin magani

Da yawa daga cikin masu kai kukan ƙurajen fuska wurin likita, idan aka saurare su da kyau, za a tarar tabon da ƙurjin ya bari ya fi ƙurjin kansa damunsu. Ƙurji yakan yi kwanakinsa ya lafa, amma baƙin ɗigon da ya maye gurbinsa yana iya zama wata da watanni, kuma kafin ya gushe wani sabo ya fito kusa da shi. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da wannan matsala, musamman ga masu duhun fata.

Me ya sa ƙurji ke warkewa amma ya bar baƙin tabo?

A cikin fata akwai ƙwayoyin halitta masu samar da melanin, wato sinadarin da ke ba fata launinta. Duk lokacin da fata ta kumbura, ko saboda ƙurji, ko ƙuna, ko cizon sauro, ko susa, waɗannan ƙwayoyi sukan zabura su zubar da melanin fiye da kima a daidai wurin da abin ya faru, kuma idan kumburin ya tafi sai launin ya saura. Fatar da ta fi duhu ta fi saurin yin haka, shi ya sa ƙurjin da zai bar ɗan jan tabo na 'yan makonni a fuskar Bature yake barin baƙi na watanni a fuskar ɗan Afirka. Gwargwadon zafin kumburin da daɗewarsa, gwargwadon duhun tabon. Wannan ne dalilin da ya sa matse ƙurji da farce, ko tsire shi da allura, ko dirje fuska da soso mai kaushi, suke ƙara wa tabo baƙi da tsawon rai.

Wanda ya riƙe wannan bayani ya riƙe rabin maganin, domin duk abin da zai sa fata ta yi zafi ta kumbura, ko da sunan magani aka shafa shi, yana iya haifar da sabon tabo.

Ta yaya zan gane ko tabona na launi ne kawai?

A shafa wurin da yatsa. Idan fatar sumul take, babu rami babu tudu, launi ne kawai ya sauya, to wannan shi ne tabon da ake magana a kansa a nan. Idan akwai ƙananan ramuka, ƙurjin ya ci naman fata, kuma babu man shafawar da zai cike su. Idan kuwa tabon ya yi tudu mai tauri, yana ƙaiƙayi, yana faɗaɗa ya wuce inda ƙurjin ya fito, kamar yadda ake gani a ƙirji da muƙamuƙi da kunnen da aka huda, wannan kiloyid ne, maganinsa daban ne, kuma mai shi yana bukatar taka-tsantsan da duk wani aikin da zai ji wa fata rauni.

Shi kansa tabon launi iri biyu ne. Wanda ya tsaya a saman fata yakan zama ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi mai iyaka a fili, kuma ya fi jin magani. Wanda ya nutse can ƙasa yakan yi ruwan toka mai ɗan shuɗi, kuma mayukan shafawa ba sa isa gare shi yadda ya kamata.

Shin tabon zai tafi da kansa idan aka ƙyale shi?

Na saman fata yakan dusashe da kansa, galibi tsakanin wata 6 zuwa 12, muddin ba a ci gaba da taɓa shi ba kuma rana ba ta ci gaba da dukansa ba. Na ƙasa yana iya ɗaukar shekaru. Magani yana rage wannan lokaci, amma ko mai kyau ne ba a cika ganin bambancin da ido zai shaida ba kafin mako 8 zuwa 12.

Da me ya kamata a fara?

Da ƙurajen. Wanda ke goge tabo alhali sababbin ƙuraje na fitowa kowane mako yana zuba ruwa ne a rariya. Magungunan da aka saba fara amfani da su sun haɗa da benzoyil feroksaid mai ƙarfin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari, wanda ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙurji (a lura yana koɗar da launin tawul da rigar matashi), da adafalin mai kashi 0.1, wanda ke hana ƙofofin fata toshewa kuma yake taimaka wa tabon shi ma. Idan ƙurajen manya ne masu mugunya da zafi, likita yakan haɗa da ƙwayoyin sha na wani ƙayyadadden lokaci.

Akwai kuma abin da ake mantawa da shi, wato man gashi da man shafawa masu kauri. Ƙurajen da suka jeru a goshi da gefen fuska daidai bakin gashi sau da yawa daga man kitso ko basilin suke, kuma sukan ragu da zarar an daina bari man yana gangarowa fuska. Macen da ƙurajenta suka haɗu da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa ya kamata ta sanar da likita, domin matsalar na iya kasancewa daga sinadaran jiki ne.

Mai baƙar fata ma yana bukatar man kariya daga rana?

Idan yana son tabonsa ya tafi, yana bukata. Gaskiya ne melanin yana ba fata wata kariya daga ƙunar rana, amma hasken rana shi ne babban abin da ke zaburar da ƙwayoyin launi, don haka tabon da aka yi wata biyu ana lallaɓawa yana iya komawa yadda yake bayan 'yan kwanaki na yawo a ranar bazara. A nemi mai lambar SPF 30 ko sama da haka, a shafa kowace safiya, a maimaita bayan kamar awa biyu idan a waje ake yini. Tunda alwala tana wanke shi, wanda zai sake fita bayan azahar ko la'asar sai ya sake shafawa.

A duhun fata har hasken da ido ke gani yana ƙara baƙin tabo, kuma mayukan da aka sa wa ɗan launi da sinadarin ƙarfe su ne suka fi tare irin wannan haske. Suna da wani amfanin kuma, domin ba sa barin farin nan mai kama da toka da ke sa mutane da yawa su watsar da man kariya. Malafa da lema da inuwa duk suna taimakawa, hijabi kuma yana rufe gefen fuska amma yana barin kumatu da hanci da goshi a fili.

Waɗanne mayukan shafawa ne aka tabbatar suna aiki?

Asid ɗin azelayik mai kashi 15 zuwa 20 yana cikin waɗanda suka fi dacewa da mu, saboda yana maganin ƙurji da tabo a lokaci guda, kuma ba ya koɗar da lafiyayyar fatar da ke kewaye. Dangin bitamin A, wato adafalin da tiretinoyin, suna hanzarta sauyin saman fata har launin da ya taru ya fita a hankali. Da dare ake shafa su, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ga dukkan fuska, a fara da sau biyu ko uku a mako, domin idan aka yi musu garaje sukan busar da fata su sa ta raɗaɗi, musamman a lokacin hunturu. Nayasinamaid da bitamin C da asid ɗin kojik suna da tasiri, sai dai mai sauƙi ne, kuma sun fi amfani a matsayin mataimaka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tara mayuka huɗu ko biyar a shafa su dare ɗaya. Ya fi kyau a fara da ɗaya, a ba shi mako biyu ko uku, idan fata ta karɓe shi sannan a ƙara na biyu.

To haidrokwinon fa? Ba shi ne ake bilicin da shi ba?

Shi ne, kuma shi ne har yau likitoci ke ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin mafi ƙarfin magungunan baƙin tabo. Bambancin yana wurin yadda ake amfani da shi. Likita yakan rubuta mai kashi 2 zuwa 4, a ɗiga a kan tabon kaɗai, na kimanin wata uku zuwa huɗu, sannan a tsaya. Mai bilicin kuwa tana shafa abin da ba ta san ƙarfinsa ba a dukkan jiki, shekara da shekaru. Sakamakon irin wannan shafa shi ne wata cuta da likitoci suka yi bayaninta a Afirka ta Kudu tun 1975, inda kumatu da gefen ido da wuya suke yin baƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙananan ɗigo-ɗigo, fatar ta yi kaushi, kuma da wuya ta koma daidai. Abin takaici shi ne mai ita takan ɗauka man ne ya yi mata kaɗan, sai ta ƙaro wanda ya fi shi ƙarfi.

Haɗin da ake sayarwa a robobi marasa suna yakan ƙunshi abubuwa biyu da suka fi haidrokwinon muni. Na farko shi ne sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol, wanda ke haskaka fata cikin mako biyu, daga baya ya sirantar da ita har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa, ya kuma fito da nasa ƙurajen, waɗanda su ma za su bar tabo. Na biyu shi ne makuri, wato zaiba, wanda ke lalata ƙoda da jijiyoyi. Tarayyar Turai ta hana sa haidrokwinon a kayan kwalliya tun 2001, Ghana ta hana a 2016, a Najeriya kuma hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Mene ne saɓar fata da sinadari, kuma iri nawa ne?

Hanya ce da ake shafa wa fuska asid mai ƙayyadadden ƙarfi na 'yan mintuna, don ya kashe ɓawon fata na sama ya saɓule, sabuwa ta fito da ƙarancin launi. A taƙaice ƙuna ce da ake yi da gangan kuma da awo. Ana kasa ta uku bisa zurfin da asid ɗin ke kaiwa: ta sama-sama, matsakaiciya, da mai zurfi.

Ta sama-sama ita ce ta dace da duhun fata. A cikinta akwai asid ɗin salisilik mai kashi 20 zuwa 30, ɗan'uwan asfirin, wanda ke narkewa cikin maiƙo, don haka yake shiga ƙofofin fata ya kuma rage kumburi, abin da ya sa ya fi dacewa da wanda ƙurajensa ba su gama mutuwa ba. Akwai gilaikolik, wanda asalinsa daga rake ne, ana amfani da shi daga kashi 20 har zuwa 70, kuma yana shiga fata da sauri. Akwai laktik, irin wanda ke cikin nono mai tsami, da mandelik, wanda ke shiga a hankali don haka bai cika ba da matsala ba. A shekarar 1999 wata likitar fata a Amurka, Pearl Grimes, ta wallafa sakamakon aikin da ta yi wa mutum 25 masu duhun fata da salisilik, bayan ta shirya fatarsu da haidrokwinon na mako biyu, kuma akasarinsu sun samu sauƙi ba tare da babbar illa ba. Adadin kaɗan ne, amma aikin ya taimaka wajen nuna cewa ana iya yi wa baƙar fata saɓa idan an bi a hankali.

Matsakaiciya, wadda aka fi yi da asid ɗin TCA mai ƙarfi, haɗarinta ya fi yawa, kuma sai a hannun ƙwararre sosai. Mai zurfi, wadda ake yi da finol, ba ta dace da baƙar fata ba, domin tana iya barin farin tabo na dindindin.

Yaya ake yin aikin, kuma me zan ji?

Aikin yana farawa tun mako biyu zuwa huɗu kafin ranar, inda ake shirya fata da man kariya daga rana da wani man rage launi, sannan a dakatar da dangin bitamin A 'yan kwanaki kafin a zo. Mai aikin kirki yakan fara gwadawa a ɗan wuri, kamar bayan kunne ko gefen muƙamuƙi.

A ranar aikin za a wanke fuska, a goge maiƙonta da sifirit, a ɗan shafa basilin a kusurwar ido da gefen hanci da bakin leɓe don kada asid ya taru a nan. Sai a shafa sinadarin da auduga ko buroshi, yawanci daga goshi zuwa ƙasa. Cikin daƙiƙoƙi za a ji tsikari da zafi-zafi, wanda ƙaramar fanka ke rage shi. Salisilik yakan bushe ya bar farin gari a fuska ya tsaya da kansa, amma gilaikolik ba ya tsayawa sai an kashe shi da ruwan bikabonet ko an wanke shi da ruwa mai yawa, shi ya sa idon mai aikin ba ya barin fuska da agogo. A farar fata ja ne ke nuna lokaci ya yi, a baƙar fata kuwa jan ba ya fitowa sosai, kuma a nan ne wanda bai saba da irin fatarmu ba yake wuce gona da iri.

Daga kwana na biyu ko na uku fata takan ɗaure ta fara ɓarewa kaɗan-kaɗan har zuwa kamar mako guda. Ba a jan ɓawon da hannu, ba a dirzawa, sai man da ke tausasa fata da man kariya daga rana. Zama ɗaya ba ya isa. Yawanci ana yin huɗu zuwa shida, da tazarar mako biyu zuwa huɗu, ana ƙara ƙarfin sinadarin a hankali.

Wane ne bai kamata a yi masa ba?

Wanda ke da buɗaɗɗen rauni ko wata cutar fata mai ci a fuska, da wanda ƙurajen zazzaɓi suka fito masa a leɓe, da wanda jikinsa ke yin kiloyid, da wanda asfirin ba ya karɓarsa idan salisilik za a yi amfani da shi. Wanda ya sha isotiretinoyin, wato ƙwayar maganin ƙuraje mai ƙarfi, dole ya faɗa, domin likitoci da yawa sukan jinkirta aikin har wata shida. Wadda ta daɗe tana shafa man sitiroyid fatarta ta yi siriri, kuma asid ɗin da ba zai yi wa wata komai ba zai iya ƙona ta, saboda haka ɓoye wa likita tarihin shafe-shafe cutar kai ne. Haka nan wanda sana'arsa a rana take, kamar ɗan acaɓa ko manomi ko mai talla, idan ba zai iya kare fuskarsa na makonnin da ke biye ba, gara ya tsaya a kan mayukan shafawa.

Zan iya sayen asid ɗin a intanet in yi da kaina?

Mayukan da ke ɗauke da ɗan asid, kamar salisilik kashi 2 ko gilaikolik da bai wuce kashi 10 ba, an yi su ne don amfanin gida. Amma kwalaben masu ƙarfi da ake tallatawa a Instagram da TikTok, da man nan da ake cewa yana ɓare fata cikin kwana uku, labarinsu daban ne. A 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a da kada su yi amfani da irin waɗannan kayayyaki ba tare da kulawar ƙwararre ba, saboda ƙuna da tabon da suke jawowa. Hasken da ake gani a hoton bayan kwana uku ɗanyar fata ce da aka tsiraita, kuma a mako na uku ko na huɗu ne baƙin ke dawowa, sau da yawa ya fi na farko faɗi. Irin wannan ne ake cewa garin neman gira an rasa ido.

Bikina ya kusa. Zan iya yin saɓa kafin ranar?

Idan saura wata uku zuwa shida, akwai lokacin tsara magani mai kyau. Idan saura mako biyu ko uku, ba lokacin gwada sabon abu ba ne, domin idan fata ta yi gardama babu sauran lokacin gyara, kuma hoda mai kyau za ta rufe tabon a ranar. Game da gyaran jiki, kada a haɗa dilka ko halawa da saɓar sinadari a mako ɗaya, kuma wadda ke shafa tiretinoyin ko adafalin ta sanar da mai gyaran, domin halawa tana iya ɗauko fatar tare da gashin.

Lemon tsami da man goge baki da sauran haɗin gida fa?

Ruwan lemon tsami idan ya haɗu da rana yana iya ƙona fata ya bar baƙin da ya fi na ƙurji. Man goge baki da tafarnuwa da kanwa su ma ƙuna suke yi. Kurkum da zuma ba su cika cutarwa ba, amma kada a sa ran za su yi aikin magani. Sabulun salo yana wanke maiƙo sosai, sai dai yana busar da fatar wasu, kuma bai dace da makon da aka yi saɓa ba.

Leza da na'urar ƙananan allurai sun fi saɓa?

Ba su ne matakin farko ba. Leza, wato na'urar da ke aiki da haske mai ƙarfi, tana neman melanin ne, fatarmu kuwa cike take da shi, don haka na'urar da ba ta dace ba ko saitin da ya yi yawa yana ƙona lafiyayyar fata. Wadda aka fi aminta da ita ga duhun fata ita ce Nd:YAG mai tsawon zangon haske na nanomita 1064, a ƙaramin ƙarfi, kuma an fi ajiye ta ga tabon da ya nutse ya ƙi jin sauran magunguna. Na'urar ƙananan allurai ta fi amfani ga tabon rami, da sharaɗin allurar sabuwa ce ga kowane mutum kuma babu ƙuraje masu mugunya a lokacin.

Mai ciki ko mai shayarwa fa?

Mai ciki ba ta shafa tiretinoyin ko adafalin, ana kuma guje wa haidrokwinon, isotiretinoyin kuwa yana nakasa jariri, don haka ko mai shirin ɗaukar ciki ba ta shan sa. Azelayik da man kariya daga rana su ne zaɓin da aka saba bayarwa. Saɓa aikin kwalliya ne da zai iya jira har bayan haihuwa, balle ma ciki kansa yana ƙara wa fuska duhu, wanda sau da yawa yakan ragu daga baya. Mai shayarwa ta tambayi likita kafin ta fara kowane sabon magani.

Baƙin da aski ke bari a haɓar maza shi ma haka ake maganinsa?

Tabon iri ɗaya ne, amma sanadin daban. Gashi mai lanƙwasa idan aka aske shi ƙwal da reza yakan koma ya soki fata, sai wurin ya kumbura. Barin gemu ya ɗan tofo, ko aski da inji ba tare da kai wa fata ba, yana tsayar da sababbin ƙurajen, sannan a bi tabon da magungunan da aka ambata.

Wa ya kamata in gani, kuma me zan tambaya?

Likitan fata, waɗanda aka fi samu a manyan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Idan a wurin gyaran fata mai zaman kansa za a yi aikin, a tambayi sunan asid ɗin da ƙarfinsa, a nemi ganin kwalbar, a tambayi ko za a fara gwaji a ɗan wuri, da kuma wanda za a kira idan fuska ta kumbura da dare. Wanda ya ce haɗinsa sirri ne, ko ya yi alkawarin goge tabo a zama ɗaya, kada a ba shi fuska. Ranar zuwa asibiti a tafi da duk mayuka da sabulan da ake amfani da su, har da robar haɗin da ba ta da suna, sannan a riƙa ɗaukar hoton fuska sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, don likita ya ga ko maganin yana aiki ko yana bukatar sauyi.